Dokta Barau Dikko: Likitan farko a Arewacin Najeriya da abin da tarihinsa ke faɗa wa 'ya'yanmu na Sokode da Dapaong

A shekarar 1940 wani matashi ɗan ƙasar Zazzau ya kama aikin gwamnati a matsayin likita. Sunansa Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka fi sani da Dokta R. A. B. Dikko. Kafin shi, duk faɗin Arewacin Najeriya, daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Ilori, ba a taɓa samun ɗan ƙasa da ya yi karatun likitan zamani har ya kai ƙarshensa ba. Alhali kuwa a Legas tun kafin 1900 akwai likitoci baƙar fata da suka yi karatu a Birtaniya, irin su Dokta Obadiah Johnson da Dokta John Randle da Dokta Oguntola Sapara. Randle ya gama karatunsa a 1888. Ka ga tsakanin likitocin Kudu na farko da likitan Arewa na farko akwai tazarar da ta haura shekara 50.

Abin da ya sa na ɗauko tarihin wannan mutum, ni da nake rubutu daga Sokode, shi ne hirar da ke tashi duk shekara in sakamakon jarrabawar BAC ya fito. A nan zangonmu, da can Dapaong, yaran da ke son karatun likita kan zauna suna ta lissafi. Wasu na ganin 'yan kudu sun riga sun cinye guraben tun kafin a buɗe ƙofa. Wasu tsadar haya da abinci a Lome ke tsorata su. Wasu na tunanin yadda za su zauna a garin da yaren kasuwarsa ba nasu ba ne, addinin mafi yawan mutanensa ma ba nasu ba ne. 'Yan mata kuwa, kafin su yi maganar maki sai sun fara da maganar ko iyaye za su bar su su yi nisa da gida. Duk waɗannan tambayoyi Barau Dikko ya gamu da irinsu kusan shekara 100 da suka wuce, kuma a yanayin da ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba.

Zariya da makarantar Miller

An haife shi a 1912 a ƙasar Zazzau, ya tashi cikin 'yar ƙaramar al'ummar Kiristoci masu jin Hausa da ta taru a kewayen mishan ɗin CMS. Ba za a gane Dikko ba sai an san Dokta Walter Miller. Shi Miller likita ne ɗan Ingila, ya koyi Hausa a Tarabulus, sannan ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell. Sun isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Bayan 'yan shekaru a Girku, Miller ya sami shiga birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Shi ne kuma ya yi jagorancin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai taɓa zama lafiya lau ba, don haka wajen 1929 aka mayar da shi bayan gari, wato Wusasa.

To me ya sa sai daga wannan ɗan lungu likitan farko ya fito, ba daga Kano ko Sakkwato ba, inda malamai da dukiya suke? Amsar tana cikin siyasar Turawa. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma bisa wannan aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. A Kudu kuwa mishan su ne suka ɗauki nauyin makarantu; tun 1859 CMS ta buɗe makarantar sakandare a Legas. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta cike wannan giɓi a Arewa ba. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano sai 1909 ta fara, Kwalejin Katsina kuwa sai 1921, ita ma don horar da malaman makaranta aka kafa ta, ba don shirya ɗalibai shiga jami'a ba. Daga cikinta aka sami su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, mutane masu kaifin basira, amma hanyar da aka ɗora su a kai ba ta bi ta ɗakin tiyata ba. Sannan mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, iyaye da yawa su ma sun ƙi boko, suna ɓoye 'ya'yansu don tsoron kada a raba su da addini. Tsoron yana da dalili, amma kuɗin da aka biya a kansa mai yawa ne.

Duk ɗan Togo da ya karanta wannan zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Mu ma Jamusawa sun rufe yankunan Sokode da Mango ga 'yan mishan na wasu shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a daidai lokacin da makarantu ke ta yaɗuwa a Lome da Aneho da Kpalime. Shi ya sa fitattun likitocin Togo na farko, irin su Dokta Pedro Olympio da Dokta Martin Aku, 'yan bakin teku ne da suka yi karatu a Turai. Ba wai ƙwaƙwalwar ɗan Tem ko ɗan Moba ko Bahaushen zango ce ta gaza ba. Wani an buɗe masa aji, wani ba a buɗe masa ba, shi ke nan.

Daga Zazzau zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Ingila

Bayan karatun farko a makarantar CMS, Dikko ya wuce King's College ta Legas, makarantar sakandaren gwamnati da aka kafa a 1909, wadda a lokacin ita ce ƙololuwa a ƙasar. A wancan zamani hanyar Legas daga Zariya ita ce jirgin ƙasa, a ƙetare Kwara ta gadar Jebba, a ratsa ƙasar Yarabawa har bakin ruwa. Tafiya ce ta kwanaki, kuma ba wayar da za ka ɗaga ka ji muryar uwarka in kewa ta dame ka.

Ni a ganina nan ne wurin da ya kamata ƙannenmu su tsaya su yi tunani. Yaron ya fito daga gida inda yake ɗan tsiraru, Kirista a cikin tekun Musulmi. Ya isa Legas, inda addininsa ya zo ɗaya da na yawancin 'yan ajinsa, amma can kuma ya zama ɗan Arewa, mai wani harshe, mai wata al'ada, a tsakanin 'ya'yan lauyoyi da attajirai waɗanda kakanninsu ma sun yi boko. A gida baƙo ta fuskar addini, a makaranta baƙo ta fuskar yanki. Wanda zai bar Dapaong zuwa Lome yau, tafiyar fiye da kilomita 600, ko ya bar Sokode, fiye da kilomita 300, aƙalla zai tarar da zango da masallaci da 'yan uwa masu jin harshensa, kuma mota za ta kai shi cikin yini guda.

Da ya gama King's College akwai hanya biyu a gaban mai son likitanci. A 1930 gwamnati ta buɗe makarantar koyon aikin likita a Yaba, amma takardar da take bayarwa ta mataimakin likita ce, ba a amincewa da ita a wajen ƙasa, kuma mai ita yana ƙasa da Bature a matsayi da albashi. Hanya ta biyu ita ce a ƙetare teku a yi cikakken digiri. Dikko ta biyun ya bi. Ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, ya yi shekarun da ake yi, ya kammala a ƙarshen shekarun 1930, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke kunno kai. Mu ma a ƙasashen renon Faransa haka aka yi mana: makarantar Dakar da aka buɗe a 1918 tana yaye likitocin Afirka masu matsayi na biyu, cikakken likita kuwa sai wanda ya je Faransa.

Likita baƙar fata a aikin Turawa

Kammala karatu ba shi ne ƙarshen wahala ba. Tun 1902 Ingila ta kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, ta kuma sa sharaɗin cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Likita ɗan Afirka, ko da jami'a ɗaya suka yi da Baturen, a wani rukuni na daban ake ajiye shi, da ƙaramin albashi. Cikin irin wannan tsari Dikko ya fara aiki a 1940 daga matakin ƙasa.

Ka kuma duba mutanen da zai yi wa aiki. Asibitin Turawa a wancan lokaci ba wurin da talakan Arewa ke zuwa da son ransa ba ne. Akwai wanzami, akwai maɗori, akwai ungozoma, akwai malami mai rubutun sha, akwai boka. Sai ciwo ya gagari kowa ake tunanin asibiti, shi ya sa ake ganin kamar wurin mutuwa ne. Likita Bature sai da tafinta, kuma kowa ya san abin da ke zubewa tsakanin bakin majinyaci da kunnen likita in akwai mutum na uku a tsakani, balle in mace ce mai jin kunya. Zuwan likitan da zai tambaye ka da Hausa inda ke maka ciwo, ya gane abin da kake nufi in ka ce sanyi ne ko shawara ko ciwon daji, ba ƙaramin sauyi ba ne. Wannan fa shi ne abin da ɗan arewacin Togo yake da shi wanda ba a rubuta shi a takardar jarrabawa. Harshen Tem ko Moba ko Hausa da wasu ke jin kunyar yi a Lome, shi ne zai zama kayan aikinka ranar da tsohuwa ta zauna a gabanka a asibitin Sokode ko na Dapaong.

Jam'iyyar Mutanen Arewa

Da yawa daga masu jin sunan NPC suna ɗauka Sardauna ne ya kafa ta. A'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Kudu sun yi nisa da shirya kansu: NCNC ta kafu a 1944, Yarabawa na da Egbe Omo Oduduwa, Inyamurai na da tasu ƙungiya. 'Yan bokon Arewa, waɗanda ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, suka ga in ba su haɗa kai ba za a yanke makomar ƙasa ba da su ba. A 1948 Dokta Dikko ya tara 'yan boko a Zariya, Malam D. A. Rafih ya tara wasu a Kaduna, daga baya ƙungiyoyin biyu suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. A babban taronta na Kaduna a watan Yunin 1949 aka zaɓi Dikko shugaba. Cikin waɗanda suka yi tafiyar farko da ita akwai Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur, da Yusuf Maitama Sule.

A tsaya a duba wannan da kyau. Taro ne wanda mafi yawansa Musulmi ne, cikinsu har da malamai masu zurfin ilimin addini irin Sa'adu Zungur, amma suka ɗora Kirista ɗan makarantar mishan a kan kujerar shugabanci. Ba su tambayi inda yake ibada ba, sun duba iliminsa da amanarsa da kishinsa ga yankin. Shi ma bai ce tun da Legas da Ingila suka yi masa riga da wando ya fi ƙarfin zama da mutanensa ba.

A farko ƙungiyar ta al'adu da wayar da kai ce, tana yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, tana kuma lallaɓa sarakuna don kada su ɗauke ta abokiyar gaba. Masu zafin ra'ayi ba su gamsu da wannan lallaɓawa ba, suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. A watan Oktoba 1951, da zaɓe ya ƙarato, aka mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa cikakkiyar jam'iyyar siyasa. Dokar aiki ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa, don haka ya zama dole Dikko ya zaɓi ɗaya: kujerar jam'iyyar da ke shirin karɓar mulkin Arewa, ko aikin asibiti. Ya sauka daga shugabanci ya riƙe likitancinsa. Sardauna sai 1954 ya zama shugaban jam'iyyar. Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1951 ce mu ma aka kafa UCPN, ƙungiyar sarakuna da al'ummar arewacin Togo, kuma damuwar iri ɗaya ce, wato kada waɗanda suka riga mu shiga aji su riga mu komai.

Ni dai wannan zaɓi da ya yi ya fi komai burge ni a tarihinsa. 'Yan siyasa Arewa na da su, kuma za ta ƙara samu. Likita kuwa a lokacin ana ƙirga su da yatsu.

Yaƙi da cututtuka, da zamanin Gowon

Dikko ya ci gaba da hawa mataki-mataki. A 1953 ya zama babban likita, a 1957 ya zama babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a ma'aikatar lafiya ta Jihar Arewa, daga bisani ya zama babban sakataren ma'aikatar. Wannan sashe shi ke fama da ciwon barci, wanda ya yi ɓarna a ƙasar Zazzau a shekarun 1930 har aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Shi ke fama da kuturta, wadda a shekarun 1950 aka fara raba ƙwayar maganinta a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara. Ga agana, ga sanƙarau da ke zuwa duk rani. Aiki ne na yawo ƙauye-ƙauye, na allurar rigakafi da ƙidayar majinyata, ba na zama a ofis mai fanka ba. Mutumin Dapaong ba sai an yi masa bayanin sanƙarau ba, haka na kwarin kogin Oti ba sai an ba shi labarin makantar da ƙudan kogi ke kawowa ba, wadda sai a 1974 aka fara babban shirin yaƙi da ita a ƙasashen yankinmu, har da Togo.

A zamanin aikinsa ne Arewa ta fara ƙoƙarin yaye nata likitocin. An buɗe makarantar likita a Kano a tsakiyar shekarun 1950, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sashenta na likitanci ya fara a 1967. Wanda ke shugabantar jami'ar a lokacin, Farfesa Ishaya Audu, shi ma likita ne da ya bi ta makarantar Wusasa.

A watan Yunin 1967, ana gab da yaƙin basasa, Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya shigo da fararen hula cikin majalisar zartarwa ta tarayya. Awolowo ya riƙe kuɗi, Aminu Kano ya riƙe sadarwa, Dikko aka ba shi ma'adinai da wutar lantarki. A lokacin da yake wannan ma'aikata aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma kafa dokar man fetur ta 1969 wadda ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa. A 1971 aka mayar da shi ma'aikatar sufuri. A nan sai a kiyaye, kada a rikita shi da Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri na zamanin Shagari. Mutum biyu ne daban, zamani daban. Dokta Barau Dikko ya rasu a 1977.

Abin da ya rage mana

Giɓin da Dikko ya tarar bai rufe ba har yau. A Najeriya, bayan kafa hukumar JAMB a 1978, an tsara rabon guraben jami'o'in tarayya kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma har gobe ana ta jayayya a kai. Ɗan Kudu na ganin an tauye shi, ɗan Arewa na ganin bashi ne ake biya. A Togo an kafa jami'ar Lome a 1970, ta Kara kuwa sai 2004 ta buɗe ƙofa, yanzu kuma tana da sashen koyar da likitanci. Wannan ci gaba ne na gaske, don yaron Dapaong ko Mango ko Sokode ba lallai sai ya kai bakin teku ba.

Amma gini kaɗai ba ya yin likita. Ƙannena masu wannan buri, tarihin Dikko bai ce babu rashin adalci ba. Shi da kansa ya yi aiki a tsarin da ya fifita Bature a kansa da doka. Abin da ya nuna shi ne, sanin dalilin da ya sa aka bar ka a baya daban, mayar da shi uzuri daban. Ku riƙe lissafi da kimiyya tun daga ajin farko na sakandare, ba sai shekarar BAC ba. In Kara ta samu, madalla. In Lome ce, ku tafi, ku koyi yaren mutanen, ku ci abincinsu, ku yi abota da su, don majinyaci ba shi da yanki. 'Yan uwanmu na kudu kuma da ake turowa aiki arewa, su daina ɗaukar abin kamar horo.

Iyaye kuma, musamman a zangonninmu, mu tuna kuɗin da kakanninmu suka biya da suka ɓoye 'ya'yansu. Mu ne masu ƙorafi in matanmu suka je haihuwa ba su tarar da likita mace ba, mu ne kuma masu hana 'ya'yanmu mata nisa da gida. Ba a cin biyu.

A Kaduna akwai babban asibiti da ke ɗauke da sunan Barau Dikko, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Ɗaliban da ke zagayen ɗakunan majinyata a cikinsa, Musulmi da Kirista, maza da mata, yawancinsu 'ya'yan yankin ne da a 1940 likitansa ɗan ƙasa ɗaya ne tak.